Keta ko Butre: ina ya kamata ɗan zango ya fara zuwa?

Duk shekara idan Babbar Sallah ta wuce, samarin layinmu a Nima, cikin birnin Akra na ƙasar Gana, kan haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota a fita gari. An je Elmina, an je Cape Coast, an je Aburi har an gaji. Bana sai aka ce a nemi ƙaramin gari na masunta, inda babu cunkoson baƙi, kuma akwai tsohon gini da mutum zai tsaya ya kalla ya yi tunani. Sunaye biyu suka fito, Keta a gabas da Butre a yamma. Gardama ta yi tsawo a majalisa bayan Isha'i, da yake kuma na taka ƙafa a duka biyun, sai aka ce, "Malam, kai za ka raba mu." Abin da na faɗa musu shi zan shimfiɗa a nan, da ƙarin abin da dare bai bari na kawo ba.

Hanya ce ke fara yanke hukunci. Mai zuwa Keta zai shiga trotro, wato ƙaramar bas ta haya, a Tudu, ya bi ta Tema, ya wuce mararrabar Ada, ya haye kogin Bolta a gadar Sogakope, inda masu tallar burodi ke kewaye mota tun kafin ta gama tsayawa. A Dabala ake barin titin Aflao a karkata dama, daga nan sai Anloga, Woe, Tegbi, sai Keta. Awa uku ne, huɗu idan Tema ta riƙe ku. Wanda ya yi Asuba a Nima ya fita, hantsi zai same shi a bakin teku, kuma zai iya kwana a ɗakinsa a wannan daren.

Butre ba haka take ba. Daga tashar Kaneshie sai ka fara biyan bashin cunkoson Kasoa, garin da sunansa ma namu ne, kasuwa ce bakin mutane ya lanƙwasa. Sai mararrabar Winneba, Mankessim, Cape Coast, har Takoradi, sama da kilomita 200. A Takoradi a sauya mota zuwa Agona Nkwanta, a Agona a sake neman wata da za ta gangara da kai Butre, kuma ƙarshen hanyar yana wahalar da mota, musamman da damina. Ka ware wuni guda cur don zuwa, wani wunin don dawowa. Duk wanda ya ce maka za a je Butre a dawo Akra rana ɗaya, kujerar mota kawai zai nuna maka. Wannan kuwa yana nufin kuɗin masauki, da abincin kwana biyu ko uku, ga kuɗin mota da ya fi na Keta nesa ba kusa ba. Ga 'yan'uwanmu na Kumasi lissafin ya juye: daga Aboabo ko Asawase yamma ta fi sauƙi, don za su sauko gaɓar teku ba tare da sun shiga Akra ba, alhali Keta sai sun ratsa hayaniyar Akra tukuna.

To, me za ka tarar idan ka isa?

Keta gari ne da ke zaune a kan siririn yashi tsakanin ruwa biyu. Sunan ma da harshen Ewe yana nufin kan yashi. A hannu ɗaya teku, a ɗaya hannun tafkin Keta, wanda ya fi kowane irinsa girma a Gana. Akwai wuraren da idan ka tsaya a titi za ka ga ruwan nan biyu ba tare da ka ɗaga ƙafa ba. Mutanen wurin Anlo ne, masunta da manoman ƙananan albasa. Tun daga Anloga za ka riƙa ganin komayen albasa a jere, kore shar a kan farin yashi, ana ba su ruwa daga ƙananan rijiyoyi. Albasar nan da matanmu ke saye a kasuwar Agbogbloshie su ce ta fi ƙamshi a miya, da yawanta daga nan take fitowa.

Tsohon ginin Keta shi ne sansanin Prinzenstein. Turawan Denmak suka gina shi a 1784, bayan sun haɗa kai da wasu garuruwan gaɓa sun ci Anlo da yaƙi, yaƙin da ake kira Sagbadre. An tsare bayi a cikinsa kafin a loda su a jirgi zuwa tsibiran Karibiyan. A 1850 Denmak ta sayar wa Ingila duk gine-ginenta na wannan gaɓa, har da shi, daga baya kuma ya zama gidan yari. Sai teku ta zo ta karɓi nata rabon. A 1980 ta cinye babban ɓangarensa, abin da ya rage yau shi ne sashen da ke fuskantar gari: wasu ɗakuna, kurkuku mai duhu, bango mai kaurin gaske da gishiri ya ci, da tsofaffin igwa. Ɗan rakiyar da ya zagaya da mu ya kai mu inda ginin ya yanke, ya nuna ruwa da hannu ya ce a can sauran yake.

Ba ginin kaɗai teku ta ci ba, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Keta ta taɓa zama babbar kasuwa, jirage na tsayawa a gabanta, kamfanonin Turawa na da kantuna da rumbuna. Tun farkon ƙarni na 20 ruwa ke gutsurar garin, abin ya ƙaru bayan an datse Bolta a Akosombo a shekarun 1960, domin yashin da kogin ke kawowa gaɓa ya ragu ƙwarai. Tituna sun tafi, gidaje sun tafi, makarantu da maƙabartu sun tafi. An yi babban aikin kare gaɓa da aka kammala a 2004, aka jibge manyan duwatsu layi-layi suna shiga cikin ruwa don su riƙe yashi, kuma sun taimaka wa tsakiyar garin. Amma a Nuwamba 2021 toroƙon teku ya sake afka wa garuruwan wannan yanki cikin dare, dubban mutane suka rasa wurin kwana. Idan ka zaga bayan kasuwa za ka ga gidajen bene na da, rabi a tsaye rabi a binne cikin yashi. A Keta kango ba gini ɗaya ba ne, rabin tsohon garin ne.

Akwai kuma sawunmu a wurin, abin da samarinmu da yawa ba su sani ba. Sojojin nan da ake kira Hausawan Gulaba, waɗanda Kyaftin Glover ya fara tarawa a Legas a shekarun 1860, da yawansu bayi ne da suka gudo, an kawo su wannan gaɓa a 1873, suka yi yaƙi a ƙasar Anlo. Da Ingila ta kafa ikonta a Keta a 1874, dakarun Hausa ta zaunar a garin. Wasu cikin irin waɗannan sojoji su ne suka ajiye bindiga suka zauna a Akra, suka haɗu da fatake da malamai, zangunanmu suka yi ƙarfi. Sannan akwai ɗaya gefen labarin, mai ɗaci. Yawancin waɗanda aka gangaro da su ta Bolta a ɗaure 'yan arewa ne, kuma kasuwar Salaga, inda kakanninmu fatake ke sayen goro, ita ce kuma babbar kasuwar bayi ta wancan zamani. Ɗan zango da ya shiga kurkukun Prinzenstein ba baƙo ba ne ga labarin. Akwai namu cikin waɗanda aka ɗaure, akwai namu cikin waɗanda suka yi ciniki, akwai namu cikin waɗanda suka yi gadin ƙofar daga baya. Na ga yaro ɗan shekara goma sha biyar ya fito daga ɗakin nan ya kasa magana har muka shiga mota. Ban taɓa ganin darasin aji ya yi masa haka ba.

Wanda ke da sauran lokaci ya tsaya a Woe ya ga hasumiyar fitilar jirage ta Cape St. Paul, ta ƙarfe, wadda aka kafa a 1901. Kusa da Anloga kuma, da ɗan ratse, akwai Atorkor, inda aka yi wurin tunawa da mutanen garin da aka yaudara suka hau jirgi aka tafi da su, shekaru bayan an ce an hana cinikin bayi.

Butre wata duniya ce dabam. Ƙauye ne, ba gari ba. Ƙasar Ahanta ce, a jihar Yamma, inda ruwan sama ke da yawa, daji ya yi duhu, kwakwa ta yi layi a bakin teku. Kogi ne ya ratso ta cikin itatuwan da ke tsiro a ruwan gishiri ya zo ya faɗa teku a gefen ƙauyen, akwai gadar katako ta masu tafiya a ƙasa a kansa, jiragen masunta masu launi-launi na kwance a bakinsa. Bisa tudu, daidai saman rufin gidaje, kangon sansanin Batenstein ke zaune.

Turawan Holan suka gina shi a 1656, bayan 'yan Suwidin sun riga su kafa ɗan wurin ciniki a garin. Ƙarami ne, kuma tun a zamaninsa ba a ɗauke shi wani gagarumin sansani ba. Yau babu rufi, ciyawa da saiwoyi sun kama bango, amma matakala da ƙofofi masu baka suna nan. Darajarsa tana cikin abu biyu. Na farko abin da ido ke gani daga sama: ƙauyen gaba ɗaya a ƙarƙashinka, kogin yana lanƙwasa cikin kore, farin yashi ya miƙe har inda gani ya ƙare. Na yi yawo a gaɓar ƙasar nan daidai gwargwado, ban tsaya a wurin da ya fi wannan kyau ba. Na biyu takarda ce. A nan aka ƙulla yarjejeniyar Butre ranar 27 ga Agusta 1656 tsakanin Holan da sarakunan Ahanta, wadda ta ci gaba da aiki har 1872, lokacin da Holan ta miƙa wa Ingila duk abin da ta mallaka a wannan gaɓa. Shekara ɗari biyu da 'yan kai ke nan.

Amma zaman bai kasance na lafiya kullum ba. A 1837 rikici ya ɓarke tsakanin sarkin Ahanta, Badu Bonsu na Biyu, da Turawan Holan, aka kashe jami'ansu har da muƙaddashin gwamna. A 1838 suka turo runduna ƙarƙashin Janar Jan Verveer, aka kama sarkin aka rataye shi, aka yanke kansa aka tafi da shi Turai. Kan ya yi shekara sama da 170 a cikin kwalba a wani ɗakin ajiya na jami'ar Leiden, sai a Yulin 2009 aka dawo da shi gida. Idan ka ji wannan labari a bakin ɗan Ahanta, kana tsaye a kan bangon mutanen da suka aikata shi, ba ya fita daga kai da wuri.

Butre tana da wani abin da Keta ba ta da shi: maƙwabta. Ƙafa kawai za ta kai ka Busua ta kan tudu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya da rabi ba ga mai ƙarfi. Gaba da Busua kaɗan Dixcove ce, garin masunta mai mashigin ruwa zagayayye, da sansanin Metal Cross da Ingilishi suka gina a shekarun 1690. Wanda ya ƙara gaba zai kai Princes Town, inda Jamusawan Brandenburg suka kafa nasu a 1683. Ƙasashen Turai uku, gine-gine uku, a tazarar da mota za ta gama cikin wuni. Dukkansu, har da na Keta, suna cikin jerin da UNESCO ta sa a kayan tarihin duniya a 1979. Mai son ya fahimci yadda Turawa suka yi ta ture juna a kan zinariya da bayin wannan gaɓa, yamma ce makarantarsa.

Sai dai a faɗi gaskiya game da Busua, tunda yawancin masu zuwa Butre can suke samun masauki ko su ratsa. Wuri ne na baƙin Turawa da masu wasan hawan igiyar ruwa, akwai mashaya a bakin yashi, kuma shigar mutane shigar wanka ce. Gungun samari za su iya kawar da kai su wuce. Mai tafiya da mahaifiyarsa ko surukarsa gara ya nemi ɗaki a Butre ɗin kanta, inda dare ke yin tsit, ba ka jin komai sai ruwa. Keta ba ta da wannan damuwa sosai, gari ne da ke harkar gabansa, baƙo ne ke bin tsarinsa.

Zancen tsofaffi ya tuna mini gwaggona, wadda ta ji ana shirin tafiya ta ce da ita za a je. Na ce mata, "Gwaggo, tudun Butre ba zai bar gwiwarki lafiya ba." Hawan gajere ne amma a tsaye yake, idan an yi ruwa kuma da santsi. Keta shimfiɗe take kamar tabarma, mota na ajiye ka kusa da ƙofar ginin. Ga mai tsoho, mai juna biyu, ko mai ƙananan yara, wannan kaɗai ya isa ya raba gardama.

Ta fuskar kamun kifi kuwa, kowanne da irin nasa kallo. A gaɓar Anlo taru ake ja daga tudu. Jirgi ya kai shi can cikin ruwa ya zagayo, sai mutane su jeru a igiya biyu, maza da samari, suna ja suna waƙa, awa biyu ko uku kafin jakar tarun ta fito, mata na jira da manyan kwanoni. Idan ka sa hannu a igiyar ba mai hana ka, wataƙila ma a ba ka na miya. Ƙananan kifin nan da duk Gana ke kira 'yan makarantar Keta, a nan ake shanya su fili guda. A Butre da Dixcove jirage ne ke fita da inji su dawo da safe, kallon yana wurin saukewa da ciniki da hayaƙin banda. Ka kiyaye Talata idan yamma za ka, don ranar masunta ba sa shiga teku, za ka tarar da su zaune suna ɗinkin koma. Kifi ya fi yawa daga wajen Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwa ke yin sanyi, ko da yake a wasu shekarun gwamnati kan rufe teku a watan Yuli don kifi ya hayayyafa. Masunta a ɓangarorin biyu kuka ɗaya suke yi, cewa abin da taru ke kawowa yau bai kai na zamanin iyayensu ba, suna kuma ɗora laifin a kan manyan jiragen da ke share ƙasan teku.

Abinci ba zai ba Musulmi wahala ba muddin ya tsaya a kan kifi. A Keta akple ne, wato tuwon masara, da ƙananan kifi da yaji, ko kaguwa daga tafki. A yamma kenke irin na Fante da soyayyen kifi, ko fufu da miyar kifi sabo. Nama kam, idan ba ka san wanda ya yanka ba, ka bar shi. Ka riƙe butarka da sallayarka duk inda ka nufa. Tafiyar ta kai ta ƙasaru a kowane ɓangare. Idan Juma'a za ta same ku a hanyar yamma, ku tsara ta same ku a Takoradi, inda jama'armu ke da yawa, kada ku bari sai kun gangara ƙauye.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa a kansa: teku ba rafi ba ce. Yaranmu na zango yawancinsu ba su iya iyo ba, kuma ruwan gaɓar nan yana da ja ta ƙasa wanda ido ba ya gani. A Keta gaɓar tana da gangara, taku kaɗan ƙasa ta ɓace a ƙarƙashin ƙafa. A Butre bakin kogi ne wurin hatsari, inda ruwa biyu ke haɗuwa. Kowace shekara bayan bukukuwa sai an ji gidan da aka yi rashi a bakin teku. A sa babba ɗaya wanda aikinsa kawai ƙirga kawuna, kuma kada kowa ya wuce gwiwa sai ɗan gari ya nuna inda ake shiga. Sauro kuma yana nan a duka biyun, tafki a can, kogi a nan, mai kwana ya tafi da gidan sauro.

Lokacin zuwa ma ya bambanta su. Yamma na shan ruwa sosai a Mayu da Yuni, hanyar Butre kan lalace, tudun ya yi santsi, don haka daga Nuwamba zuwa Maris ya fi. Yankin Keta na cikin wuraren da ruwan sama ya fi ƙaranci a kudancin ƙasar, kusan kowane wata ana iya zuwa. Asabar ta farko a Nuwamba ake bikin Hogbetsotso a Anloga, na tunawa da fitowar kakannin Anlo daga Notsie ta ƙasar Togo. Mai son ganin taro da kiɗa da sarakuna ya zo ranar, mai son ya zaga kango cikin natsuwa ya kauce mata, don masauki kan yi wuya, hanya ta cika.

Wani a majalisar ya tambaya ko babu na tsakiya. Akwai. Abandze, a kan titin Cape Coast bayan an wuce Saltpond, ƙauyen masunta ne da kangon Fort Amsterdam a kan tudu, ana hango shi daga mota. Ingilishi suka gina shi a shekarun 1630, Holan ta ƙwace a 1665. Ana zuwa a dawo rana ɗaya. Amma wurin tsayawar awa biyu ne, ba wurin da za a ɗauki shatar mota dominsa kaɗai ba.

Ga abin da na ce musu a ƙarshe. Idan kwana uku gare ku, da kuɗin masauki, da ƙafafu masu ƙarfi, kuma abin da kuke nema shi ne ku huta daga hayaniyar Nima ku ga kyan ƙasar nan, Butre ta fi, ba ma kusa ba. Amma idan tambayar ita ce wanne za a fara, ni Keta na zaɓa, kuma ba don arha ko kusanci kawai ba. Batenstein yana kan dutse, ruwa ba ya kai masa, zai jira ku shekara goma. Prinzenstein a kan yashi yake, teku ta riga ta ɗauki babban rabo, duwatsun da aka jibge ne kawai ke tsakaninta da sauran. Ina so yaranmu su shiga ɗakin nan da ƙafarsu, su ji sunan Salaga da na Hausawan Gulaba a wurin da abin ya faru, tun ginin yana tsaye.

An kaɗa ƙuri'a, Keta ta ci da rinjaye. Mun sa Asabar ta biyu bayan Sallah, tashi daga bakin masallaci da an sallame Asuba, kowa da ruwan shansa. Gwaggo ta riga ta ce kujerar gaba tata ce, kuma za ta dawo da albasa ƙulli uku. Waɗanda suka so Butre sun buɗe adashinsu daban, suna nufin Disamba.